Advance Wars 1+2: Re-Boot Camp, wasan da mai ke cin yaƙi

Don tankoki na sayi wannan kaset ɗin na na'urar wasa ta Switch, amma abin da ya hana ni ajiye shi yaƙin teku da na sama ne, kuma wallahi ban yi zaton haka ba. Wasan tsoho ne, tun 2001 ya fara fita a na'urar Game Boy Advance, aka sabunta shi aka haɗe kashi na ɗaya da na biyu a 2023. Kowa da lokacin motsa dakarunsa kamar dara, kowane zagaye kuma ana ƙirga shi rana guda.

Karawar da ta sa na rubuta wannan da ƙanena muka yi ta, na'ura ɗaya muna miƙa wa juna, a taswirar da teku ya raba mu. Ya ɗauki Eagle, kwamandan da jiragen samansa ke da ƙarin ƙarfi kuma ba su cika shan mai ba. Ni na ɗauki Drake, sarkin ruwa. Na tara kuɗi na fitar da babban jirgin ruwa mai igwa a kan 28,000, a wasan da kowane gari 1,000 kacal yake ba ka a rana. Jirgin yana harbi daga gida 2 zuwa 6, sai dai ba ya tafiya ya yi harbi a rana ɗaya, kuma ko kaɗan ba ya taɓa abin da ke sama. Jirgin bama-bamai na 22,000 ya zo ya sauke masa kaya, mai saukar ungulu ya ƙarasa shi. Yaron har da cewa, "Yaya, a sake sabo ko?"

Na ce masa a ci gaba. Na lura jiragensa sun yi nisa da filin jirginsa, sun tsallako teku suna shawagi a kan gaɓata. Jirgin sama a wasan nan kullum sai ya sha mai ko bai motsa ba, kowane gida da ya taka kuma da nasa kason, in tanki ya ƙare sai ya faɗo. Motar APC da ke ba da mai ba ta bin ruwa sai an ɗauko ta a jirgin dakon kaya, shi kuwa bai damu ya yi wannan ba. Na ja jiragena baya, na kafa motocin kakkaɓo jirage na 8,000 a bakin gaɓa, na bar shi yana ta kewaye yana neman kafa. Da ma'aunin ƙarfin Drake ya cika na saki Tsunami, dabararsa ta musamman, wadda a kashi na biyu take rage lafiyar duk dakarun abokin gaba, ta kuma raba man da ke tankinsu biyu. Nan take alamar ƙarancin mai ta fara ƙyaftawa a jikin jiragensa. Ya juya da su gida a guje, ɗaya bai kai ba, da rana ta waye ya tarwatse a tsakiyar teku ba tare da na harba masa ko harsashi ba. Daɗin da na ji a lokacin ya fi na kama hedikwatarsa daga baya.

Jirgin ƙarƙashin ruwa ma haka lissafinsa yake. In ya nutse ba a ganinsa sai an zo dab da shi, amma mai 5 yake sha a rana maimakon 1, don haka ɓuyan da kuɗinsa.

To amma da na tuna da jirgin ruwan da ake kira kuruza sai raina ya ɓaci. Kuɗinsa 18,000, aikinsa wai kare sauran jiragen ruwa daga sama da kuma farautar na ƙarƙashin ruwa. Kuruzan yana gama da na ƙarƙashin ruwan, ba musu. Amma jirgin bama-bamai in ya riga shi kai hari kusan kashe shi yake yi, mai saukar ungulu na 9,000 ma yana cin rabinsa, sannan kuruzan ba ya iya harbin jirgin da ke saman ruwa. Mai gadin da sai an yi gadinsa ina amfaninsa? Shi ya sa a taswirar da ke da filin jirgi da tashar ruwa, mai hankali sama yake zuba kuɗinsa, ruwan ya zama na dakon sojoji kawai. Wannan ya rage min armashin Drake sosai, don ba kullum za ka samu abokin karawa mai sakaci da mai ba.

Wasa ta intanet kuma mutum biyu ne kawai, kuma sai wanda ke jerin abokanka, babu hanyar neman baƙo ku gwabza. Wanda ke da abokin bugawa a gida ya saya, ba zai yi nadama ba. Wanda yake shi kaɗai ya sani cewa da kwamfuta zai yi ta fama.