ELAN: manhajar da ta dace da mai nazarin finafinan Igbo, amma tana son haƙuri

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ya ɗauki finafinan Igbo a matsayin fagen bincike, ko yake kwatanta su da na Kannywood, ba zai yi nisa ba da tsayar da bidiyo yana kwafe magana a littafi. Ranar kare kundi za a tambaye shi minti na nawa aka faɗi jumlar, kuma wa ya faɗe ta. Wannan aikin ELAN ke yi, manhajar da ke ɗaure rubutu da lokacinsa a cikin bidiyo ko sauti. Cibiyar Max Planck da ke Holan ce ta ƙera ta, kyauta ake sauke ta, tana hawa Windows da Mac da Linux, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an ɗora ta.

Tsarinta shi ne bidiyo a sama, zanen sauti a tsakiya, layukan rubutu a ƙasa, kowace jumla ɗaure da daƙiƙarta. A ba kowane ɗan wasa layinsa na Igbo, a rataya masa layin fassarar Hausa, sai wani na sharhi, inda za a nuna wurin da ya tsallaka zuwa Turanci ko Burokin, ko inda karin Onica ya bambanta da daidaitacciyar Igbo. A tsara layukan nan tun farko a adana su a matsayin samfuri. Wanda ya yi fassararsa a layi mai zaman kansa zai gane kurensa ranar da ya matsar da iyakar wata jumla, fassarar ta tsaya inda take.

Wahalar farko tana wajen tsofaffin finafinai. Na shekarun 1990 a kaset ɗin bidiyo suka fito, daga baya aka koma faifan VCD, wanda fayilolinsa ke ƙarewa da DAT. Sai an juya su zuwa MP4, sannan a ciro sautin daban a matsayin WAV da manhajar gyaran sauti ta Audacity, domin da shi zanen sauti ya fi fitowa ba gardama. Kada a ɗora fim ɗin gaba ɗaya. A yanka shi gunduwa-gunduwa, minti 10 zuwa 15, musamman idan kwamfutar tsohuwa ce kuma ana cikin zafin Afrilu na Sakkwato. Akwai adanawa ta kai tsaye, a kunna ta a sa kowane minti 5 saboda ɗaukewar wuta. Bidiyo da sauti da fayil ɗin EAF, wanda ELAN ke adana rubutun a cikinsa, su zauna a jaka ɗaya. In aka raba su, manhajar za ta yi ta tambayar inda bidiyon ya shiga.

Sashen ELAN da ke yanka magana da kansa ta hanyar gano shiru bai da amfani sosai a nan. Finafinan suna da kiɗa a ƙarƙashin kusan kowace hira, don haka shirun babu shi. Da hannu za a yanka.

Abin da ya fi ɓata aiki a ɓoye shi ne rubutun. Ƙa'idar rubutun Igbo ta Onwu ta 1961 tana da haruffa masu ɗigo: ị, ọ, ụ da ṅ, ga alamomin karin sauti a kan wasula. Harafi ɗaya ana iya buga shi ta hanya biyu, dunƙulalle ko harafi da ɗigonsa a rabe. A ido iri ɗaya ne, amma in aka zo neman kalma sai manhajar ta kawo wasu ta bar wasu, ƙidayar kundin ta fita ba daidai ba. Maganinsa shi ne duk masu aikin su yi amfani da allon bugu ɗaya na manhajar Keyman, da salon rubutu irin Charis SIL.

ELAN ba ta jin Igbo ko kaɗan. Dole a nemi ɗan asalin harshen, kuma Sakkwato ba ta rasa su ba, a kasuwa da makarantu. A zauna da shi da abin saurare na kunne guda biyu, a biya shi ladan zamansa, a tambayi garinsu a rubuta, tun da mutumin Owerri ba lallai ya kama kowace karin maganar Anambara ba. In an gama, ana iya fitar da aikin a matsayin fassarar ƙasan bidiyo ta SRT don nunawa a taron ƙara wa juna sani, ko a matsayin jadawalin da Excel zai buɗe.