Na gwada 'yar gorar da ke nuna inda jirgin wasa ya nutse

Wata bakwai ke nan da na ɗaura wannan 'yar na'ura a jikin jirgin ruwana na rimot, kuma tun ranar da abokan wasa suka gan ta suke tambayata ko tana aiki. Tana aiki. Sai dai aikinta ɗaya ne tak: ta nuna maka inda jirginka yake kwance a ƙarƙashin ruwa. Ba ta hana shi nutsewa, ba ta kuma ɗago shi. Duk wanda ya saya da tsammanin fiye da haka zai ga kamar an cuce shi.

Abin da ya sa na saye ta, wahala ce da na sha. Jirgin nawa irin na jan manyan jiragen nan ne, tsawonsa santimita 75, nauyinsa kilo 3.2, gangar jikinsa ta faiba, da dalma a cikinsa don kada ya riƙa tangaɗi. Wata rana ina tuƙa shi a tafki, ashe tiyon ruwan da ke sanyaya injin ya zame daga bakinsa. Shi wannan tiyo, gudun jirgin ne ke tura masa ruwa. Da na ga bayan jirgin yana yin ƙasa sai na ba shi wuta don ya iso gaɓa da sauri, ban san da hannuna nake ɗura masa ruwa ba. Ya ɗaga hanci sama, ya ɗan tsaya kamar mai sallama, ya shige.

Wani dattijo da muke wasan tare ne ya daka mini tsawa: "Malam, kada ka ɗaga ƙafarka daga nan! Dubi tsallake, me ke daidai da inda ya shiga?" Na ce turken lantarki da wata bishiya a bayansa. Ya sa na aza dutse a inda nake tsaye, shi ma ya yi hakan daga inda yake. Inda layukan biyu suka gitta juna, nan muka ɗauka a matsayin wurin bincike. Ba don wannan dabarar ba da ban ƙara ganin jirgin ba, domin fuskar ruwa duk iri ɗaya ce, minti biyu ya isa ido ya rikice. Na so in tuɓe in faɗa, ya hana ni, kuma yana da gaskiya. Ba ka san zurfin ba, ba ka san ciyawa ko tsohuwar igiyar da ke ƙasa ba, kuma an sha rasa rai wajen bin abin wasa cikin ruwa. Kwale-kwale muka nemo, kowa da rigar da ke hana nutsewa.

Kwana uku muka yi muna neman allura cikin ruwa. Na fara da maganaɗisun nan mai igiya wanda aka rubuta a kwalinsa yana ɗaga kilo 150. Wannan lissafi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai kauri ake yin sa, maganaɗisun na manne da shi ba rata. Jirgina kuwa faiba ne da dalma da tagulla, babu wanda maganaɗisu ke kamawa a cikinsu. Ɗan ƙarfen da ke ciki gwangwanin injin ne, shi ma yana can ƙurya, kuma ƙarfin maganaɗisu da zarar an sami 'yar tazara ya zube. Marafan kwalba da tsohon kwaɗo da guntun waya, su muka yi ta kwasowa. Daga nan aka ara mini kyamarar masunta mai doguwar waya da ɗan allo. Ruwan yana da laka, ba a ganin abin da ya wuce kamu biyu, in ka kunna fitilarta ma sai abin ya ƙara dagulewa, kamar mai haska tocila cikin hazo. Sai da safiyar rana ta uku, ruwa ya kwanta, muka hango farin rufin ɗakin matuƙi a zurfin mita 4, muka sa ƙugiya mai baki uku muka jawo shi. Wurin ya kai mita 6 daga inda da zan iya rantsewa nan ya nutse. Jirgi ba ya faɗawa ƙasa kamar dutse, sulalewa yake yi a karkace.

Na san wani zai ce me ya hana a sa masa na'urar GPS ko abin nan da ake bibiya da waya. Ruwa ke shanye saƙonsu. Rimot ɗin yanzu mai aika saƙon rediyo a kan gigahaz 2.4 da zarar eriyar jirgi ta shige ruwa magana ta yanke, shi ya sa masu wasa da jirgin ƙarƙashin ruwa har yau suke riƙe da tsoffin rimot masu megahaz 27 ko 40. Saboda haka alamar da za ta yi amfani sai wadda za ta taso sama da kanta, ido ya gan ta.

Na'urar ba wani abin mamaki ba ce. Ɗan bututun roba ne da bai fi tsawon tafin hannu ba. A cikinsa akwai 'yar gora mai launin lemo, da siririn zare mita 30 a nannaɗe, da sifirin, da wata ƙwaya mai narkewa a ruwa wadda ke riƙe da murfin. In ruwa ya shiga ya narkar da ƙwayar, sifirin ya tunkuɗo gorar, ta taso tana jan zaren, ɗaya bakin zaren kuwa yana ɗaure da jirgi. Babu batir, babu abin da zai ƙone. Wannan sauƙin shi ne babban abin da ya burge ni.

Ban yarda da takardar da ta zo da ita ba sai da na gwada, gani ya kori ji. Na kwashe kayan lantarkin jirgin, na sa ƙarafa madadin nauyinsu, na ɗaure shi da igiya mai ƙwari, na nutsar da shi da gangan a wuri mai zurfin mita 3. Karo na farko gorar ta ɓullo bayan kamar minti huɗu, kuma minti huɗun nan sun yi mini tsawo, har na fara cewa na yi asara. Daga nesa ana hango ta sarai. Karo na biyu na kifar da jirgin kafin in sake shi. Shiru. Da na jawo shi, ƙwayar ta narke, gorar ta fito, amma ta maƙale ƙarƙashin dakalin jirgin, wato shimfiɗar samansa, domin a saman dakalin na ɗaura ta. Takardar ba ta ce uffan a kan wannan ba, alhali jirage da yawa sai sun kife suke nutsewa. Na mayar da ita can ƙarshen baya, bakinta na kallon waje, inda ko a kife ko a miƙe babu abin da zai tare ta. Karo na uku ta fito lafiya. Gwajin nan ya cinye ƙwayoyi ukun da suka zo cikin kwalin, sai da na sake yin odar wasu.

Abin liƙawar da suka haɗo da shi, salatif mai gam fuska biyu, bai yi mini ba. Rana ta doke shi, ruwa ya jiƙa shi, cikin mako biyu ya fara ɗagowa. Na cire shi na ɗaure bututun da noti biyu, zaren kuma na ƙulla shi a wani zobe da ke kafe a gangar jirgin. Kada ku ƙulla a jikin ɗakin sama ko murfin da ake cirewa. In jirgi na nutsewa iskar da ke ciki takan fizge murfi, sai ka bi zare ka tarar da murfi kawai.

Babban aibinta shi ne ƙwayar ba ta bambanta nutsewa da fantsamar ruwa. Wata rana iska ta taso, igiyar ruwa tana ta dukan bayan jirgin, kwatsam sai ga gora tana binsa a baya kamar jela. Kafin in tsayar da injin zaren ya naɗe farfela tam, jirgi ya tsaya cik a tsakiyar tafki. Abin da na sayo don ya cece ni shi ya bar ni tsaye ina jiran iska ta koro mini jirgi. Tun daga ranar nake rufe bakin bututun da 'yar hular roba wadda na huda daga ƙasa, yadda sai ya nutse sosai ruwa zai kai ga ƙwayar. Ko ba a shiga ruwa ba ma, danshin iska kaɗai yana sa ta yi laushi a hankali.

Shi kuma zaren, na alama ne kawai. Jirgin da ya cika da ruwa, laka kuma ta riƙe cikinsa, ba abin da za a ja da zare mai sirantar na ɗinki ba ne. Ko ya tsinke, ko ya yanka maka yatsa. Yadda na yi a gwaji, na bi zaren har na tsaya daidai saman jirgin, sannan na zura ƙugiya da igiya mai kauri a gefensa.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, sai da na gama duk wannan na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin jirgin ya taɓa ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar tsohuwa ce, tun zamanin Arkimidis, masanin lissafi na tsohuwar Girka, fiye da shekara 2,000: duk abin da ke cikin ruwa yana rage nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture, kuma lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Ke nan ba nauyin jirgi a tudu za ka duba ba, nauyinsa a cikin ruwa bayan ya cika shi ne abin lura. Dalma ta ninka ruwa nauyi fiye da sau 11, don haka giram 900 na dalmata a cikin ruwa ma suna nan wajen giram 820. Katako da roba kuwa kusan ba sa ƙara komai. Na rataye jirgin a ɗan sikelin hannu, na nutsar da shi cikin duro, ya nuna kilo 1.8. Lita ɗaya ta soson roba mara shan ruwa, irin na sandunan koyon iyo, tana ɗaga abin da ya kusa kilo ɗaya. Na yayyanka lita 2.3 na cusa a hanci da gefuna biyu, can sama kusa da dakali don kada jirgin ya kife in ya cika, na kuma ɗaure su don kada su fice su bar shi. Sosan wanka ko na katifa ba ya yi, shan ruwa yake. Farin sosan da ake naɗe kaya da shi yana yi, amma fetur da wasu nau'in gam suna narkar da shi. Kumfar gwangwani da ake fesawa kuwa na guje ta, tana ci gaba da kumbura bayan ka ɗauka ta gama, tana iya karkatar da jikin jirgi.

Watan jiya aka sake kwatawa, wannan karon giris ɗin bututun sandar farfela ne ya ƙare, ruwa ya yi ta tsatsowa ban lura ba. Jirgin ya cika har dakali, amma ya tsaya a saman ruwa. Bayansa ya nutse, don haka gorar ta fito, tana yawo kusa da jirgin da kowa ke gani da idonsa. Ta ɗan yi rana dai, domin zarenta muka kamo da sandar kamun kifi muka jawo shi a hankali, tunda jirgi mai iyo ba shi da nauyin ja. Ina fito da shi na fara cire batir, domin wuta da ruwa in suka haɗu cikin ɗan lokaci suke cinye bakin wayoyi. Na ɗauraye kayan lantarkin da ruwa mai tsabta, na bi su da sinadarin wanke kayan lantarki, na bar su kwana uku suna bushewa, na ɗiga wa boris mai. Komai ya tashi. A nutsewar farko kuwa batirin ya kumbura sai da na rabu da shi, risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, ita ma ba ta ƙara aiki ba.

Wa zan ce ya saya? Mai jirgin da cikinsa ya cushe babu wurin soso isasshe, da mai jirgi mai nauyin ƙarfe, da mai wasa a ruwa mai zurfi ko mai laka. Mai jirgin gudu wanda ruwa ke wanke bayansa kullum, ina ganin za ta fi ba shi wahala fiye da taimako, sai in zai yi mata murfi kamar yadda na yi. Ni dai na bar ta a jikin jirgina, amma yanzu sai na isa bakin ruwa nake sa ƙwayar, in na tashi kuma in cire ta. Ragowar suna cikin kwalba mai murfin roba a aljihun akwatin kayan aikina.