Wayoyin EOG ko kyamara: auna gyaran motsin ido a Jos

Idan ido ya yi tsalle zuwa wani ɗigo, yakan gaza isa wurin da kusan kashi 10 cikin 100 na tazarar, sai ƙwaƙwalwa ta aiko ƙaramin tsallen gyara. Wannan tsallen gyaran ake son aunawa, ko dai da EOG ko da kyamara.

EOG, wato manna wayoyin da ke auna lantarkin ido a gefen idanu, yana da arha, yana aiki ko ido a rufe. Amma kuskurensa kan kai digiri 1 zuwa 2 na juyawar ido, kuma hunturun Jos na busar da fata, sigina ta riƙa zamewa. A goge wurin da sifirit, a sa jel.

Kyamarar infirared, wato mai aiki da hasken da ido ba ya gani, ta fi dacewa da wannan aiki: kuskurenta kusan rabin digiri ne, amma a nemi mai ɗaukar hoto 500 a daƙiƙa. Kwalli kan ruɗe ta, ta ɗauke shi baƙin ido. A wanke shi tukuna, a kafe haɓa don kada kai ya motsa.