GDC ko Gamescom: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Ƙirƙirar Wasan Bidiyo?

Tun da aka rufe E3, babban taron baje kolin wasannin bidiyo, a shekarar 2023, masu ƙananan kamfanonin wasannin bidiyo suke ta tambayata wanne za su halarta tsakanin GDC, taron masu ƙirƙirar wasannin bidiyo na birnin San Francisco a Amurka, da Gamescom, baje kolin wasannin bidiyo na birnin Kolon a Jamus.

GDC, wanda ya faro a 1988 kuma ake yi a watan Maris, taro ne na masu sana'ar zalla. Ana zuwa ne don sauraron laccoci kan tsara wasa da rubuta manhaja, da kuma ganawa da masu zuba jari. Sai dai yana cin kuɗi sosai, domin cikakken tikitinsa ya sha wuce dala 1,000, ga tsadar masauki a birnin.

Gamescom kuwa, da aka soma a 2009, yana tara mutane sama da 300,000 a watan Agusta, kuma mafi yawansu masu buga wasannin bidiyo ne. A ganina nan ƙarfinsa yake, domin mai ƙirƙirar wasa zai tsaya a bayan baƙon da ya riƙe na'urar sarrafa wasansa, ya ga daidai inda ya rikice ya ajiye ta. Haɗarinsa shi ne ƙaramar rumfa takan ɓace a tsakanin manyan kamfanoni, ko da yake akwai sashen kasuwanci na daban.

Wanda yake neman ilimin sana'a ko mai ɗaukar nauyin aikinsa, GDC ya fi masa. Wanda wasansa ya kusa fita kasuwa, yana son jin ra'ayin masu saye, ya nufi Gamescom.