Hattara da Maserati GranTurismo mai araha: yadda ake ɗana tarkon

Jama'a, masu sha'awar motocin ƙawa 'yan Italiya masu ƙofa biyu, a yi hattara da tallan da ke yawo a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp. Maserati GranTurismo ta yi wa 'yan damfara daɗin sha'ani saboda dalili biyu. Na farko, mota ce da sabuwarta ta haura dala dubu 100 a Amurka, amma farashin tsohuwarta ya faɗi warwas, don haka idan aka ambaci kuɗi kaɗan mai saye ba ya saurin zargi. Na biyu, tun da aka fito da ita a 2007 har aka daina ƙera wannan samfurin a Modena a 2019, siffar jikinta ba ta sauya sosai ba. Ƙirar 2008 da aka sauya wa bamba da fitilu tana iya wucewa a matsayin ta 2014 a idon wanda bai sani ba. Farashin saye ne kawai ya faɗi. Kuɗin gyara yana nan inda yake tun tana sabuwa, kuma a wannan tazarar ake yanka mutane.

Mafi sauƙin ganewa ita ce motar da babu ita kwata-kwata. Za a kwaso hotuna daga shafin gwanjon Amurka ko na wani dillalin Dubai, a ce tana tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas ana jiran kuɗin fito, ko a ce wani jami'in kwastam ne zai fitar da ita daga gwanjo, a nemi kafin alƙalami zuwa asusun wani mutum. Hukumar kwastam ta sha nanata cewa ba ta sayar da mota ta kafafen sada zumunta, gwanjonta yana da shafinsa na hukuma. Ka ce a kira ka ta bidiyo yanzu-yanzu, a nuna maka lambar VIN, wato lambar shaidar motar da kamfani ya buga mata, a ƙasan gilashin gaba, a tayar da injin kana gani. Mai motar gaske ba zai ƙi ba. Ɗan damfara zai ce netwok babu kyau a tasha. Ba a cinikin biri a sama.

Wadda ta fi cin mutane ita ce motar da take nan, tana sheƙi, kana iya zama a cikinta, amma ruwa ya taɓa shanye ta. Bayan kowace babbar guguwa a Amurka, irin Sandy a 2012 da Harvey da ta mamaye Houston a 2017 da Ian a Florida a 2022, kamfanonin inshora kan biya masu motocin da suka nutse, su tura motocin gwanjon Copart ko IAA da takardar da ke ɗauke da tambarin Salvage (ta lalace) ko Flood (ambaliya ta shanye ta). Gwanjon ba ya ɓoye komai, hotuna da bayanin lalacewar duk suna nan. Ɓoyewar tana farawa ne bayan an saya: a wanke, a busar, a fesa turare, a kawo ta Abuja ko Kano a ce maka beljiyam ce tsaf, ko ƙwarzane babu.

Abin da ya sa ruwa ya fi haɗari muni a wannan motar shi ne ba ya nuna kansa nan take. Batirinta a but yake, wayoyi sun bi ta ƙarƙashin kafet daga baya zuwa gaba, kuma ƙananan ƙwaƙwalwan lantarki suna warwatse a jikinta. Ruwan gishiri idan ya shiga bakin soket, a hankali yake cin tagulla. Wata uku ko shida mota tana lafiya, sai gilashi ya ƙi sauka, gobe birkin hannu na lantarki ya ƙi saki, jibi giya ta maƙale a guda ɗaya. Mai wayarin zai gyara nan, can ya ɓalle, don ba waya ɗaya ce ta lalace ba.

Ga inda mai wanki ba ya kaiwa. Ɗaga shimfiɗar but, ka haska wurin batir da tocila, ka nemi busasshen taɓo a kusurwoyi da layin da ruwa ya tsaya. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa: tabo ko warin rima a ƙarshen bel shaida ce mai ƙarfi, domin kusan babu mai tunawa ya wanke wurin. Tura kujera baya, ka duba layin dogon da take gudu a kai da kusoshinsa. Ƙarfen cikin ɗaki bai kamata ya yi tsatsa ba. Sa makanike ya zare soket biyu ko uku a ƙarƙashin kujera da ƙasan dashbod. Kore-kore ko farin gari a kan ƙusoshin soket yana nufin ruwa ya kwana a wurin. Sabon kafet fil a cikin motar da ta shekara goma sha biyu, alhali fatar sitiyari ta goge, shi ma abin tambaya ne. Haka ƙamshin turare mai yawa: rufe ƙofofi, bar ta minti goma a rana, sannan ka buɗe ka shaƙa.

Kada ka karɓi rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax da mai sayarwa ya turo maka a waya. Gyara irin wannan takarda aikin minti biyar ne. Kwafi lambar VIN da hannunka daga jikin motar. Haruffa da lambobi 17 ne, ta Maserati tana farawa da ZAM, kuma ba a sa I ko O ko Q a ciki. Gwada ta gilashi da ta takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba da wadda aka buga a ƙarfen motar, dole su zo ɗaya. Sai ka sayi rahoton da kanka, ka duba ta a shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora a Amurka, wanda kyauta ne kuma yana nuna motar sata ko wadda inshora ta yafe, sannan ka rubuta lambar kawai a Google. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito, da gaban a murƙushe ko taɓo har kan kujeru, da adadin tafiyar da ke kan mita a ranar. Idan a gwanjo mil dubu 90 ne, yau kuma mita na nuna dubu 48, magana ta ƙare. A kula kuma, motar Amurka da mil take lissafi. Mil dubu 60 ya kusa kilomita dubu 97, amma dillali zai ce maka "sittin kawai ta yi" ya yi shiru.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma a VIN shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har gaba. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin wadda aka yi wa kwalliya. Asalin GranTurismo tana da injin V8 mai lita 4.2 da ƙarfin doki 405. Samfurin S da ya zo a 2008 yana da lita 4.7 da doki 440, Sport na 2012 kuma 460. Bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne, shi ya sa ake sayo bamba da tambari da jan fentin birki a manna wa mai 4.2. Buɗe bonet: murfin kan injin 4.2 shuɗi ne, na 4.7 ja. Amma fenti ba ya wuyar samu, don haka ka duba gefen kusoshi ko akwai shuɗi a ƙarƙashin jan, kuma ka dogara da abin da VIN da na'urar bincike, wato kwamfutar da makanike ke jonawa a mota, suka faɗa.

Sharaɗin da ba a sassautawa: injin ya kwana bai tashi ba, kai ne za ka fara tayar da shi. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin kafin a murɗa makulli. Idan da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe. Dalili shi ne injinan shekarun farko, musamman 2008 zuwa 2010, suna da sananniyar matsala a na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, wadda makanikai ke kira bariyeta. Idan mota ta kwana, baƙin mai yana zurarewa daga cikinta, sai ta yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani na daƙiƙa ɗaya zuwa uku kafin mai ya hau. Injin da ya yi zafi ba ya yin wannan ƙarar, shi ya sa mai sayarwa ke "ɗumama maka ita" kafin ka iso. Wasu kuma suna zuba mai mai kauri irin na tsofaffin motocin haya don ya danne ƙarar, alhali 5W-40 irin wanda ake kira synthetic injin yake sha. Gyaran yana buƙatar buɗe gaban injin, ga kayan sai an yi oda daga waje. Injin nan a masana'antar Ferrari aka haɗa shi, kuma dillalai suna son faɗin haka. Abin da ba sa faɗi shi ne kayan gyaransa ma da wannan farashin suke zuwa.

Kafin a tayar, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka ƙirga su. Fitilar injin da ta jakar iska da ta birkin ABS dole su kama, sannan kowace ta mutu a lokacinta. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ta ko an rufe ta da baƙin tef ta ciki. Idan ta jakar iska ta mutu daidai lokaci ɗaya da ta baƙin mai, mai yiwuwa an haɗa wayarsu ne don a ɓoye cewa jakar ta taɓa fashewa ba a mayar ba. Na'urar bincike ma ana yi mata wayo: a goge duk laifuffukan da ta adana da safe kafin ka zo. Maganinsa shi ne makanikenka ya duba ko gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwar injin ke yi wa kanta sun kammala. Idan yawancinsu na nuna ba su kammala ba, kwanan nan aka goge. Ku yi tafiyar minti talatin zuwa arba'in, da go-sulo da babban titi, ku sake dubawa.

Giya iri biyu ce. Mafi yawa suna da otomatik na ZF mai giya shida, kuma wannan tana da juriya in ana sauya mata mai. Ɗayar, MC-Shift, ba ta da sandar giya, maɓallai ne a tsakiya da aka rubuta 1 da R. Wannan a zahiri giyar hannu ce da kwamfuta ke taka wa kuloci, kuma go-sulo yana cinye kulocin da wuri. Na'urar da ta dace tana nuna kashi nawa cikin ɗari ya ƙare. Duk wanda ya ce maka "otomatik ce, ba ta da kuloci" ko bai sani ba ko yana so kada ka tambaya.

A ɗaga ta sama, ba a leƙa daga gefe ba. Motar tana da nauyin kusan kilo 1,900 kuma cikinta a ƙasa yake, don haka robobin hannuwan gaba suna saurin tsagewa, ƙasan bamba kuma yana shan duka a kan tudun rage gudu. Shokazoba na Skyhook, masu lantarki, idan suna zubar da mai sai sauyi. Wasu kan sa na gama-gari su toshe wayar don kada fitila ta kama, saboda haka ka tabbata waya tana shiga kan kowanne. Duba ƙarfen da ke riƙe da injin ko an yi masa walda ko ya yi tsatsa, musamman motar da ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Duba salansa: tukunyar tace hayaƙi, wadda ake kira indomi, ana yawan fafe ta a sayar, a mayar da fanko. Sabuwar walda a wurin ita ce alamar. A jiki kuma, na'urar auna kaurin fenti ba ta da tsada. Fentin kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 180. Inda ya haura 300 an sake fesawa, inda ya kai 600 ko fiye akwai fila a ƙasa. Maɓallan ciki da suka yi danƙo suna manne wa yatsa, wannan kam halin motar ne a ƙasa mai zafi, abin neman ragi ne, ba alamar ha'inci ba.

Saura takardu. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka wadda aka ce ta biyo ta Kwatano sai an bi takardunta da kyau. Wata dabarar ita ce a biya kuɗin fito da sunan ƙaramar mota ko tsohuwar shekara, takardar ta gaske ce amma ba ta wannan motar ba. Ranar da jami'ai suka tare ka a hanyar Kaduna, kai za a karɓe wa mota, dillali ya daɗe da cin la'adarsa. Ɗauki takardar SGD, wato takardar fito ta kwastam, ka kai ofishin kwastam da ƙafarka a tabbatar lambar VIN da samfuri da shekara sun dace da abin da ke cikin kwamfutarsu. Kada ka bari wanda dillali ya haɗa ka da shi ya je a madadinka, haka ma makanike: naka za ka kawo, kai za ka biya shi.

Idan duk wannan ya yi daidai, kuɗin ya tafi ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da na katin shaidar mai sayarwa da na takardun motar. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da VIN, da adadin da ke kan mita, da girman injin, da furucin mai sayarwa cewa ruwa bai taɓa shanye ta ba, shaidu biyu su sa hannu. A karɓi makullai biyu a wurin, a gwada kowanne ya tayar da injin kafin a tura ragowar kuɗin.