Aprepitant: yadda na ga aikinsa a jinyar mai ciwon daji

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san cewa wahalar ƙarin ruwan magani ba ta ƙarewa a ranar da aka yi shi, domin kwana biyu ko uku da ke biye su ne suka fi galabaitar da majinyaci. Haka na gani a jinyar yayata da aka ɗora a kan cisplatin, wani maganin ciwon daji. Ranar farko ondansetron, maganin hana amai, yakan riƙe ta, amma daga washegari ko kunu ba ya zama a cikinta. A zagaye na biyu likita ya ƙara mata aprepitant, wani maganin hana amai, wanda kamfanin Merck ya fitar da sunan Emend, aka kuma amince da shi a Amurka a 2003.

Dalilin da ya sa yake kai wa inda na farko bai kai ba shi ne abin da ya fi burge ni. Jijiyoyi suna aika saƙo da wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna Substance P, wanda Ulf von Euler da John Gaddum suka gano tun 1931, kuma idan ya sauka a makarɓinsa da ake kira NK1, a sashen gindin ƙwaƙwalwa da ke tayar da amai, sai zuciya ta fara tashi. Aprepitant yana riga shi zama a wannan makarɓi, saƙon ya iso ya tarar babu wurin sauka. Shi kuwa ondansetron hanyar wani sinadarin saƙo mai suna sirotonin yake tarewa, wadda ta fi ƙarfi a sa'o'in farko, shi ya sa ake haɗa su tare da dexamethasone, wanda shi ma yake taimakawa wajen hana amai.

Shansa babu wuya: ƙwaya mai miligiram 125 awa ɗaya kafin ƙarin ruwa, sannan mai 80 da safe a rana ta biyu da ta uku. Yayata ba ta rabu da tashin zuciya gaba ɗaya ba, amma aman ya tsaya, har ta ci tuwo a rana ta uku, abin da ya sa ni ƙwalla. Ta yi fama da shaƙuwa da kasala, waɗanda dama an san maganin da su.

Inda nake jan hankali shi ne cuɗanyarsa da wasu magunguna ta hanyar hanta. Yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa har zuwa wata guda bayan an sha, yana kuma taɓa aikin warfarin, maganin hana daskarewar jini, don haka wajibi ne a faɗa wa likita duk abin da ake sha, har da na gargajiya. Kuɗinsa ma ba kaɗan ba ne, kuma sai da muka zaga kantuna da dama kafin mu samu. Da na san da shi tun farko, da na tambayi likita kafin zagayen farko, domin bayan wancan makon yayata ko ƙofar asibiti ta hango sai zuciyarta ta tashi.