Shekara huɗu ina aiki da Django: abin da na gani da idona

A shekarar 2021 shugaban Islamiyyar unguwarmu ya kira ni bayan sallar La'asar. Ya buɗe durowa ya fito da rajistoci shida, biyu daga ciki bangonsu ya riga ya rabu da su. Ya ce, "Ɗana, an ce kai ne mai harkar kwamfuta. Duba mana wannan, kowane zangon karatu sai mun yi rigima da iyayen yara a kan wa ya biya, wa bai biya ba." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni wata guda." Da Django na yi aikin, kuma har yau a kansa makarantar take. Saboda haka abin da zan faɗa a nan ba labarin ji-ta-ji-ta ba ne.

Ga wanda bai san shi ba, Django tarin kayan aiki ne na gina manhajar intanet da harshen Python. Kyauta ne, kuma a buɗe yake, kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya yi kasuwanci da shi. A ofishin wata jarida aka haife shi, Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas a Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara shi a 2003, aka sake shi ga jama'a a 2005. Asalin nan nasa ya bar masa hali. Ɗan jarida ba ya jira, labari in ya zo yau, yau ake son shafinsa. Shi ya sa abubuwan da kowace manhaja take buƙata, irin su rajistar masu amfani, kalmar sirri, fom da ma'ajiyar bayanai, duk a shirye suke zuwa.

Abin da ya fi kama min rai shi ne shafin gudanarwa. Ni dai na rubuta cewa ɗalibi yana da suna, aji, sunan waliyyi da lambar waya, sannan kowane biyan kuɗi yana da rana da adadi. Daga wannan kaɗai, da ƴan layuka kaɗan, Django ya fitar da cikakken shafi na shigar da ɗalibi, gyara shi, nemo shi da suna, da ware ƴan aji ɗaya. Magatakardan makarantar dattijo ne wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ran farko da yatsa ɗaya yake neman haruffa, yana karanta kowanne a bayyane kafin ya danna. Kafin sati ya zagayo ya shigar da ɗalibai fiye da ɗari huɗu. Ranar da wani uba ya zo yana cewa ya biya na zango biyu, magatakarda ya buga sunan yaron, ya juya masa fuskar kwamfutar. Ashe mutumin ne da gaskiya. Aka ba shi haƙuri, magana ta ƙare a minti biyu.

Ta fuskar tsaro ma hankalina a kwance yake. Django ba ya ajiye kalmar sirri a yadda aka rubuta ta, sai ya rikiɗa ta, kuma yana toshe hanyoyin da ɓarayin intanet suka saba bi ta cikin fom ko ta ma'ajiyar bayanai, matuƙar ba kai ne ka buɗe musu da hannunka ba. Littafin jagorarsa kuwa ana iya sauke shi gaba ɗaya a ajiye. Wanda data ta taɓa ƙare masa ƙarfe ɗayan dare yana tsakiyar aiki ya san darajar wannan.

Sai dai manhajar kanta ba ita ce ta riƙe ni shekara huɗu ba. Mutanen da ke bayanta ne. Na taɓa gina aiki a kan wani kayan aikin da mutum ɗaya ke kula da shi, ya sami wani aikin ya tafi, muka zauna da gini ba mai gyara. Django ba haka yake ba. Tun 2008 akwai gidauniya mai zaman kanta, Django Software Foundation, da ke riƙe da shi, kuma tun 2014 tana biyan wasu ƙwararru don su zauna kan aikin da ɗan sa-kai ba ya so: tantance rahoton matsala, duba gyaran da mutane suka turo, da fitar da gyaran da ke toshe ɓarakar tsaro. Sabuwar siga tana fitowa kusan kowane wata takwas, kuma duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, akan fitar da mai dogon zango wadda ake kula da ita shekara uku. Na fara da 3.2 ta 2021, na koma 4.2 ta 2023, yanzu ina kan 5.2 wadda ta fito a Afrilun 2025, za a ci gaba da kula da ita har Afrilun 2028. Wannan ne ya sa nake iya gaya wa Malam tun da wuri cewa a hutun shekara kaza za mu taɓa manhajar, ya sa a lissafinsa. Shawarata ga mai aikin makaranta, asibiti ko shago ita ce ya tsaya kan mai dogon zango, kuma kafin ya ɗaga siga ya karanta bayanin canje-canjen daga farko har ƙarshe.

Akwai wahala, ba zan ɓoye ba. Ɗora manhajar da ka gina a intanet ya fi rubuta ta ciwon kai. Masaukin shafi mai araha da yawancinmu ke iya biya an fi tsara shi don PHP, wani harshen rubuta manhaja daban da Python. Na gwada wani kamfani, sati biyu ina fama, daga ƙarshe na kama hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, da ake biya da dala, na koyi haɗa Gunicorn da Nginx, manhajojin da ke isar da shafin ga masu buɗe shi, da kaina. Duk wata in Naira ta motsa sai na ji a aljihuna.

Sannan ga maganar haruffanmu masu lanƙwasa. Na buɗe shafi mai taken "Ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai", adireshinsa ya fito "aidojin-aukar-alibai". Dalili shi ne aikin da ke mayar da take ya zama adireshi, slugify, yana zubar da duk harafin da ba shi da takwara a baƙaƙen Turanci, kuma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suna cikin waɗanda ke faɗuwa. Akwai zaɓin barin su yadda suke, amma in aka kwafi adireshin aka tura a WhatsApp sai ƙ ta iya komawa %C6%99, abin ya zama ba kyan gani. Ni sai na rubuta ɗan ƙaramin aiki da ke mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d kafin a yi adireshin. A cikin ma'ajiya da fuskar shafi kuwa haruffan suna zaune daram, sunan Ɗanladi bai taɓa lalacewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Django 5.2 yana zuwa da fassara a harsuna da dama. Akwai Larabci, akwai Swahili, Igbo ma ya shiga tun siga ta 3.1 a 2020. Babu Hausa. Ba kuma don an hana ba, ƴan sa-kai ne ke yin fassarar a shafin fassara na Transifex, duk harshen da ka gani a jerin masu shi ne suka tashi suka yi. Afirka ma ta daina zama ƴar kallo a harkar: an yi taron masu aiki da Django na Afirka, DjangoCon Africa, na farko a Zanzibar a Nuwamban 2023, na biyu a Arusha a 2025, kuma ƙungiyar Django Girls da Ola Sitarska da Ola Sendecka suka kafa a 2014 ta koyar da mata a garuruwan Najeriya. Ƙofa a buɗe take, mu ne ba mu shiga ba tukuna.

Magatakardanmu har yanzu maɓallan Turanci yake dannawa, ya haddace su ne da wurin zamansu, ba da ma'anarsu ba. Watan jiya na fara fassara su a fayil ɗin makarantar. "Shiga", "Fita", "Ajiye" da "Goge" ba su ba ni wahala ba. Da na zo kan maɓallin da ke ajiye bayani ya bar ka a shafin, na rubuta "Ajiye ka ci gaba da gyara", na nuna masa. Ya karanta sau biyu ya ce, "Ashe abin da yake yi ke nan? Ni tsoronsa nake ji tun farko." Saura saƙonnin kuskure, su ne masu yawa, kuma na roƙi malamin Hausa na makarantar mu zauna a kansu ranar Alhamis.